Kwalaben Kawu Ba Abin Kunya Ba Ne

Daga Allah muka zo, kuma Kawu ya riga mu komawa. Ranar Talata da hantsi ya cika, a kan kujerarsa, a gidan da yake haya a Bur Dubai, da fensir maƙale a bayan kunne. Washegari aka kai shi makwancinsa a nan ƙasar, nesa da ƙauyen da aka yanke masa cibiya. Ni 'yar ƙanwarsa ce. Ina aiki a wani kantin magani a Deira, wata unguwar Dubai, kuma ni na fi kowa zama da shi a shekarunsa na ƙarshe. Ban yi niyyar rubuta komai ba. Abin da kunnena ya jiye mini a wurin zaman makokinsa ne ya sa na zauna rubutu, kuma da zafin rai na zauna.

An taru, ba laifi. 'Yan kasuwar Naif sun cika falonsa, ga ma'aikata, ga ɗalibai. Mu mata muna gidan maƙwabciya, ƙofa da ƙofa. Wani dattijo ya ce, "Allah ya jiƙan Dakta. Mutum ne mai haƙuri, sai dai bai bar baya ba." Gaskiya ne, matarsa ta rasu da daɗewa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Wata Hajiya mai kai jakunkuna Kano ta karkato ta tambaye ni, "Wai don Allah, duk karatun nan da ya yi, a kan tsutsa ya ƙare?" Na ce mata e, a kan tsutsa. Wata tsohuwar ɗalibarsa 'yar Oman ta zo ta yi ta kuka har Hajiyoyi suka fara kallon juna. Duk wannan na shanye, domin a gidan mutuwa kowa da abin da bakinsa ke iya kawowa.

A rana ta biyu ne abin ya lalace. Falo ya cika, sai wani Alhaji mai sayar da takalma ya shiga ɗakin Kawu don ya yi azahar. Yana neman sallaya ya buɗe kabad. Ya tarar da tire huɗu na katako, kowanne jere da ƙananan kwalabe, ga wani wari mai hawa kai. Ya rufe, ya yi sallarsa, ya fito ya raɗa wa na kusa da shi. Kafin la'asar magana ta tsallako ɓangaren mata.

"An ce an ga kwalabe a ɗakin."

"Da warin abin nan fa."

"Ni an ce mini har da wasu halittu a ciki, farare fat, ba su da ido."

Aka rabu gida biyu. Wasu suka ce ashe Dakta yana kurɓawa a ɓoye. Wasu suka ce a'a, ajiya ce irin ta masu hulɗa da mutanen ruwa, dama wa ya taɓa ganin Bakano yana kwana wata biyu a tsakiyar teku in ba da wani dalili ba? Kowa ya faɗi tasa sai ya rufe da, "Allah dai ya rufa mana asiri." Ina zaune a tsakiyarsu da carbi a hannu. Na yi shiru don kada a ce 'yar gida ta yi faɗa a kan gawa. Wannan shirun shi ne kuskurena, kuma har yau bai bar ni na huta ba.

To, bari in faɗa muku aikin Kawu da Hausar da kowa zai gane, tunda shekara da shekaru kuna gaishe shi ba ku tambaya ba.

Can ƙasan teku akwai inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba. Sanyi ne kamar cikin firji, nauyin ruwan da ke sama kuwa zai iya matse durom ya zama faifai. Da can ana zaton babu mai rai a wurin. Kawu yana cikin mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna nuna cewa wurin cike yake da rai. Sukan shiga jirgin bincike su yi makonni a kan ruwa. A ɗaura wani akwatin ƙarfe a jikin waya, a sake shi ya yi awanni yana nutsewa, ya cizo lakar ƙasa, a sake yin awanni ana jawo shi. Sai a zuba lakar a rariya a yi ta wankewa a hankali. Abin da ya rage a rariyar shi ne arzikin Kawu: tsutsotsi masu gashi, jatan lande farare makafi, wasu masu hannu biyar sirara kamar zare, da yawansu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Idan aka bar su haka, kafin yamma sun ruɓe. Don haka ake jefa su a sifirit, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura. Wannan shi ne warin da Alhaji ya ji.

Bayan an sauka daga jirgi aikin yake farawa. Ya sa halitta ɗaya a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ya ƙirga ƙafafunta, ya zana bakinta, ya gwada ta da duk wadda aka taɓa rubutawa. In ya tabbata babu wanda ya taɓa saninta, ya bayyana siffarta ya sa mata suna. Halitta ɗaya takan ci masa shekara. Na taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala. Ya ce akwai masu shirin haƙar ma'adinai a can ƙasa, akwai masu jan raga suna share komai. "Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini, "ba za ki iya cewa kada a kashe abu ba in ba ki san yana nan ba. Ni dai ina rubuta sunayen mutanen garin ne kafin a zo rushe shi."

Abin dariyar shi ne Kawu bai iya iyo ba. Har ya koma ga Allah bai iya ba. Kuma duk tafiyar da ya yi a jirgi, kwana ukun farko a kwance yake yin su yana amai. Ko abra muka hau, ƙaramin jirgin katakon nan da ke tsallakar da mutane daga Bur Dubai zuwa Deira, sai ya riƙe benci da hannu biyu. Ina tsokanarsa in ce, "Kawu, kai ne fa Sarkin Ruwa." Ya ce, "Ni ɗan rijiya ne." A ƙauyensu babu kogi, babu ko tafki mai kai rani. Yana yaro shi ake aika jan ruwa, kuma kullum sai an bi shi da tsawa, don ya tsaya yana leƙa guga yana kallon ƙwarin da suka biyo ruwa. Yakan ce bai taɓa canza sana'a ba, igiyar ce kawai ta ƙara tsawo.

Cin kifi da shi kuwa sai mai haƙuri. Ba zai bari ki kai loma ba sai ya nuna miki abin da ke cikin tumbin kifin. A kasuwar kifi masu sayarwa sun san shi. Kowa yana duba na kan tebur, shi yana tsugune yana tona kwandon da suka ware don zubarwa. Sau nawa ina ja da baya ina yi kamar ba tare muke ba.

Mutanenmu na Naif suna ce masa Dakta, saboda haka duk wanda ciwo ya kama sai ya kira shi. Ya yi ta faɗa musu, "Ni likitan tsutsa ne, ba na mutane ba." Ba su ji ba, shi ma bai daina zuwa ba. Zai bar madubinsa, ya sa hula, ya hau abra yana riƙe da benci, ya kai mutum asibiti, ya yi masa tafinta, ya jira sakamako. Shi wannan Alhaji mai takalma da ya buɗe kabad, shekarar da tsakuwar ƙoda ta kwantar da shi, Kawu ne ya yi kwana uku yana zarya a kansa. Shi ya riƙe masa kai yana ihu yana kiran mahaifiyarsa. Ban faɗi wannan don gori ba. Ko kuma dai don gori na faɗa, Allah ya yafe mini.

Shekarar da na zo Dubai na faɗi jarrabawar samun lasisin aiki. Na kulle kaina a ɗaki, na ce gida zan koma. Bai lallashe ni ba, dama bai iya lallashi ba. Ranar Asabar da safe ya buga ƙofa ya ce in sa takalmin tafiya. Ya tuƙa mu har Hatta, cikin duwatsu, ya tsayar da mota a gefen hanya, ya ɗauko wani baƙin dutse mai ɗan kore-kore ya ɗora mini a tafin hannu.

"Kin san inda kike tsaye?"

"A rana, Kawu. Kuma ƙishirwa nake ji."

"A ƙasan teku kike tsaye. Duk duwatsun nan da kike gani, da can suna ƙarƙashin ruwa. Ƙasa ce ta motsa ta turo su sama."

Na ce to, sai me?

"Sai ba komai. Na dai ga kin kwana goma kina ganin kin nutse, na ce bari in nuna miki wanda ya fi ki nutsewa."

Na yi dariya ina hawaye, na ce masa wannan ba lallashi ba ne, lacca ce. Ya ce ita kaɗai gare shi. A hanyar dawowa ya nuna mini gabas, ya ce ruwan da ke gaban Dubai kwano ne kawai, ainihin zurfin yana bayan duwatsun nan, ta wajen Oman har zuwa Tekun Larabawa, inda ya yi yawancin tafiye-tafiyensa. Bayan wata uku na sake zama jarrabawar, na ci.

Sau ɗaya muka taɓa yin faɗa na gaske, kuma a kan takarda ne. Bayan ya yi ritaya ƙafafunsa suka fara ba shi wahala, zuwa ɗakin bincike kullum ya gagara. Sai jami'ar da ya yi wa aiki ta ba shi aron tire huɗu daga cikin abin da shi da kansa ya tara tun yana saurayi, ya sa hannu ya kawo gida don ya ƙarasa bayaninsu. Wata rana yana barcin rana na ce bari in yi masa gwaninta. Na ga a cikin kowace kwalba akwai 'yar takarda tana iyo tare da halittar, da rubutun fensir ƙanana kamar sawun tururuwa. Ni kuwa ma'aikaciyar kantin magani ce, a wurinmu a bayan kwalba ake manna takarda. Na zaro ta kwalba ɗaya, na kwafe da biro a sabuwar takarda mai kyau, na manna a waje.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ɓanɓare takardata, ya jefa ta a kofin sifirit, ya ce in kalla. Ina kallo tawadar ta narke, ta zama shuɗin hayaƙi, takarda ta koma fara.

"Fensir ba ya narkewa," ya ce. "Ta waje kuma tana faɗuwa. Shi ya sa ake sa ta a ciki, su kwana tare. Wannan takardar ita ce ke faɗin inda aka samo ta, da zurfin wurin, da ranar. In kika raba su, takardar ta zama shara, halittar ma ta zama shara. Babu wanda zai koma can ya tambayo."

Na ce ai ɗaya ce kawai, kuma ga tsohuwar takardar nan ban yar ba. Ya ce yau ɗaya ce, kuma yau ya farka da wuri. Na yi fushi na tafi, kwana huɗu ban leƙo ba. Da na dawo ya miƙo mini fensir sabo fil, an riga an fere shi. Na karɓa.

Watanni kaɗan kafin rasuwarsa ya kira ni ɗakin, ya buɗe kabad ɗin. Ya ce, "Uwata, in na faɗi, waɗannan ba nawa ba ne, ba kuma na magada ba. Ki kira yarinyar nan 'yar Oman, ita za ta mayar da su inda suka fito. Kada ki bari kowa ya buɗe ko ɗaya." Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce in dai ce to. Na ce to.

Yanzu sai in kawo ku kan Kawu Ƙarami. Shi ne autansu, ɗan kasuwa ne a Naif, yana haɗa wa 'yan Kano kaya yana tura musu kago. Mutum ne mai kirki, mai gudun abin kunya fiye da yadda yake gudun wuta. Da shi da Kawu gari ɗaya suke, suna gaisawa cikin mutunci, amma ban taɓa ganinsu suna cin abinci a kwano ɗaya ba. Shi ne ya yi ta fama da takardun asibiti da na maƙabarta, shi ne ya karɓi gaisuwa. Kuma shi aka fara kai wa maganar kwalabe, a kunne, da sunan shawara.

Ranar addu'ar uku na iso da safe da fulas ɗin shayi. Falo babu kowa tukuna. Ƙofar ɗakin Kawu a rufe, turaren wuta yana fitowa ta ƙarƙashinta kamar ana gyaran ɗakin amarya. Na tura. Tagogi a buɗe. Kawu Ƙarami yana tsugune ya naɗe hannun riga. Tire na farko babu komai a cikinsa. Kwalabensa an wanke su tas, an kife su a jere a kan tawul. A gefe ga robar wanki da ruwan famfo, halittun duka a ciki, a cakuɗe. A kan gado kuwa ga 'yan takardun, an shanya su sun bushe, an jera su da kyau, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, yadda yake jera kaya kafin a ɗaure.

Fulas ɗin ya kuɓuce mini.

"Kawu, me ka yi?"

"Rufe ƙofa, Mai-sunan-Inna. Yi ƙasa da murya. So nake in gama kafin mutane su taru, khalas, shi ke nan, a wuce wurin."

"Ina ruwan da ke ciki?"

"Na zubar a banɗaki. Ki kwantar da hankalinki, ban taɓa ilimin ba. Ga takardun nan, wallahi ko ɗaya ban yar ba. Rubutu ne, ban sani ba ko da sunan Allah a ciki. Su kuma ƙwarin zan zuba a leda, in na hau abra in mayar da su ruwa, su ma su huta."

Ya faɗi haka yana kallona kamar mai jiran a ce masa sannu da aiki. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da mugunta ya yi da na san yadda zan yi da shi. Ya miƙa hannu zai jawo tire na biyu, na shiga tsakaninsa da kabad ɗin na jingina bayana.

"Matsa, 'yar nan."

"Sai dai ka zuba ni a banɗakin tare da su."

"Ke yarinya ce. Kin san abin da ake faɗa a Naif tun jiya? Gobe war haka ya isa Kano, ya shiga kunnen uwarki. Yayana ne. Yana raye ban yi masa komai ba. Rufin asirin nan shi kaɗai ya rage da zan iya yi masa."

"Asirin me? Me ya yi da za a rufa?"

Ya juya ya dubi kwalaben da ya kife. A nan na gane shi ma bai tabbata ba. Shekara nawa suna gari ɗaya, bai taɓa shiga ɗakin nan ya ce, Yaya, mene ne wannan, ba. Na faɗa masa abin da ya aikata, ban tauna ba. Na ce wannan tiren shekarun ƙuruciyar yayansa ne, da amansa, da sanyin da ya sha. Na ce yanzu babu mahalukin da zai iya cewa wace takarda ce ta wace halitta. Na ce masu raɗa ba su ɓata masa komai ba, mai rufa masa asiri ne ya ɓata. Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Ban janye ba a lokacin, kuma ban janye ba yanzu.

Muna cikin haka muka ji sallama, falo ya fara cika. Na kulle kabad na sa makullin a jakata. Na jira har Malam mai jan addu'a ya zauna, aka yi shiru za a fara addu'a. Ina jin wani yana cewa a roƙa wa mamaci gafarar abin da aka sani da abin da aka gani. Da na ji wannan "aka gani", sai na buɗe kabad, na ɗauki tire na biyu da hannu biyu, na gyara mayafina, na shiga tsakiyar maza na dire shi a kan kafet.

Duk ido ya dawo kaina. Wani ya ce, "Subhanallahi, Hajiya, nan fa maza ne."

Na ce, "Na gan su. Malam, a yi mini afuwa, minti biyu nake so. Alhaji, ga abin da ka gani jiya a ɓoye. Ga shi a fili. Matso ka shinshina da kyau."

Alhaji mai takalma ya ce, "Haba 'yata, ni fa ban ce komai ba, wallahi. Shwayya-shwayya, a bi a hankali."

"Sifirit ne. Irinsa aka goge maka hannu da shi ranar da Kawu ya riƙe maka kai a asibiti. Ranar ba ka ce wari yake ba."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗaga kwalba ɗaya ba tare da na buɗe ba, na karanta musu takardar ta jikin gilashi: sunan tekun, zurfin wurin, ranar da aka jawo ta. Na ɗauko madubinsa na dasa a kan teburin shayi, na saita shi yadda ya koya mini, na ce duk mai son ganin aljanun Kawu ya taso. Babu wanda ya motsa sai Malam, Allah ya saka masa. Ya tattara babbar rigarsa, ya durƙusa, ya kafa ido ɗaya. Ya daɗe.

"Wannan duk a jikin ɗan abin nan yake? Har da gashi a ƙafafunsa, a jere?"

Na ce a jere, kuma Kawu ya ƙirga su.

Ya ɗago ya dubi jama'a ya ce, "To, mutumin nan ya fi mu kallon halittar Ubangiji. Ku taso ku gani, sannan mu yi addu'a." Suka taso ɗaya bayan ɗaya, manyan Alhazai, kowa yana rufe ido ɗaya da tafin hannu. Ba zan ce duka sun gamsu ba. Na san har yanzu akwai mai cewa ai dai ba a rasa ba. Wannan kuma tsakaninsa da Allah.

Da azahar aka watse. Na kira ɗalibar nan 'yar Oman na faɗa mata gaskiya: uku sun tsira, ɗaya ya tafi, kuma a hannuna ya tafi, don ni aka ba amana ban kulle kabad ba. Ta ce in rubuta mata jerin abin da ke kan takardun da aka raba, aƙalla a san abin da aka rasa.

Na koma ɗakin na zauna a bakin gado da littafi. Kawu Ƙarami yana nan inda na bar shi, bai fita wurin addu'ar ba. Can ya matso ya ce, "Kawo in riƙa karanta miki lambobin, kina rubutawa. Idona ya saba da lamba." Na gyara littafin a cinyata. Ya fara ɗauka ɗaya-ɗaya yana karantawa. Mun yi nisa, sai ya ɗauki wata ya tsaya. Na ɗago. Yana riƙe da ita da yatsu biyu, leɓensa yana motsi.

"Wannan ranar," ya ce. "Ranar da Inna ta rasu ce."

Ban san labarin ba sai a lokacin, don ina goye aka yi. Ya ce da mahaifiyarsu ta cika, Kawu yana cikin jirgi a tsakiyar teku. Aka yi ta neman hanya har saƙo ya kai masa. Jirgin bai juyo ba. Shi autan, yana saurayi, shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Kawu bai iso gida ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Ya ce ranar da Kawu ya iso, a gaban mutane shi autan ya ce masa tsutsa ta fi masa uwarsa. Kawu bai ba shi amsa ba, ranar ko bayanta. Tun daga nan ba su sake haɗa kwano ba.

"Ashe ranar ma aiki ya yi," in ji Kawu Ƙarami.

Na ce jirgin ba nasa ba ne, Kawu, ba shi da ikon juya shi. Me zai yi in ba aikin ba?

Ya jawo robar gabansa. Ya sunkuya yana kallon abin da ke ciki, farare da jajaye, ƙafar wannan a jikin wancan, ruwan famfo ya riga ya kumbura wasu. Ya daɗe yana kallo, takardar tana hannunsa.

"Mai-sunan-Inna, wacce ce a cikinsu? Nuna mini ita. In gan ta kawai."

Na duba. Allah ya sani na duba da gaske, har na ɗauko madubi.

"Ban sani ba, Kawu. Babu wanda zai sake sani."

Ya rufe fuskarsa da hular da ke kansa. Ranar da aka binne yayansa bai yi kuka ba, sai a nan.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa inda yake kwance, shi da ya ƙare rayuwarsa yana leƙa inda babu haske. Ku da kuka zo gaisuwa, mun gode, Allah ya ba da lada. Ku roƙa masa gafara yadda ake roƙa wa kowane bawa, yana da laifuffukansa kamar kowa. Amma duk wanda ya sake jin yana son rufa masa asiri, ya zo ya fara tambayata abin da ke cikin kwalbar.